Dufleksar Koki

Koki, Kano
4 ga Maris, 2002

Maigidana Hambali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Ikko, ya ciwon bayan naka? Mu lafiya lau.

Dufleksa biyun da ka aiko, na'urorin aikawa da karɓar saƙo ta eriya, sun iso, amma wallahi mai shagon da ya sayar maka ya tafka shirme. Duk biyun masu aikawa a mitar sama ne, alhali dole ɗaya ta aika a sama, ɗaya a ƙasa, ko kuwa kowace ta yi ta magana ba mai saurare. Na mayar da ɗaya hannun Ado direba, a canjo.

Ga wata sabuwa. Hajiya Uwani maƙwabciyarmu ta kai ƙara wai duk wanda ya hau ƙarfen eriyarmu yana hango tsakar gidajen mutane, Mai Unguwa kuma ya hana kowane namiji hawa, ga shi a can sama za a ɗaura dufleksar. Masu ba da lasisi za su zo dubawa ƙarshen wata. In layin sadarwa tsakanin shagonmu da makarantar Dukawuya bai tashi ba, sun janye lasisin, bayan tun zamanin soja muke nemansa. Hankalina a tashe yake.

Taka,
Mardiya

Koki, Kano
27 ga Maris, 2002

Maigidana,

Ina gaishe ka da kewa, da fatan jiki ya yi sauƙi. Zauna kafin ka karanta.

Ado ya kawo ta ƙasan. Na saita kowace a mitar da aka ba mu, na gwada su a kan tebur yadda muka koya a Kwalejin Fasaha. Ta Dukawuya Salihu ƙanenka ya ɗaura. Saura tamu. Sai na je na tuna wa Mai Unguwa cewa maza ya hana. Ya daɗe yana shafa gemu, bai ce a'a ba.

Na zura wandonka, na ɗaure hijabi a ƙugu, na hau ƙarfen eriyar. Ina ɗaure ƙusa ta ƙarshe Salihu ya yi ihu daga shago cewa fitila ta koma kore, layi ya tashi. Sai guɗa ta ko'ina, mata duk sun fito tsakar gida! Wadda ta fi kowa kuwa Hajiya Uwani ce.

Jiya masu dubawa suka zo, lasisi ya tabbata. Daɗi kamar ya kashe ni.

In za ka taho, ka sayo takalmin hawa, daidai ƙafata ba taka ba.

Taka har kullum,
Mardiya