Rasuwar Baba Magini da Kwamfutar da Muka Kasa Kashewa

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Marubuta Manhaja ta Haɗin Hannu ta samu labarin rasuwar babban injiniyanta, dattijon arziki, uba kuma malami, wanda babba da yaro ke kira Baba Magini.

Kafin zuwansa, manhajarmu a warwatse take cikin foldoji barkatai, kowace da nata Makefile, wato fayil ɗin da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta harhaɗa aiki, kowa yana rubuta nasa yadda ya ga dama. Marigayin ne ya zauna ya tsara samfurin Makefile guda na kowa da kowa, ya zama kowace folda layi biyu kawai take buƙata: ta lissafa fayilolinta, ta kira samfurin. Duk wanda ya kwafe samfurin ya kai foldarsa ya sha faɗa, daga baya kuma ya sha shayi a teburin Baba.

Abin da ya fi mana ciwo shi ne, samfurin yana zaune ne a kwamfutarsa ta kansa, wadda ya kawo daga gida da niyyar aron mako guda, kowace folda kuma can take nufa kai tsaye. Mun gwada kwashe shi zuwa wata na'urar, komai ya tsaya cik, har da manhajar da ƙananan asibitoci ke duba magani da ita. Dole muka mayar. Wallahi mun rasa gaba mun rasa baya, kuma duk aikin da muka harhaɗa, sunansa ne ke fara fitowa a allo.

Muna roƙon Allah Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, Ya bai wa Hajiya mai ɗakinsa da 'ya'yansa juriyar wannan babban rashi.

Ga 'yarsa ta fari, wadda ta zo karɓar kwamfutar saboda hotunan ƙuruciyarta da muryar mahaifinta da ke ciki, ta koma hannu rabbana: 'yarmu, ki yafe mana. Za mu kwafe miki komai, amma mun san kwamfutar ita kanta kike so, mu kuma ba mu san ranar da za mu iya sakinta ba. Kujerarsa tana nan, ba wanda ya zauna a kanta. Ki zo duk lokacin da kika so, za ki tarar da kwamfutar a kunne.

Sa hannu:
Yaya Kakaki,
Mai magana da yawun Ƙungiya