Allurar Mishmisha

Ƙuba, Madina, 18 Sha'aban 1419

Zuwa ga 'yata Wafa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da mijinki Khalilu da yara. Wasiƙarki ta iso, rabinta Larabci kamar kullum. Da Hausa na raine ki, da ita za ki amsa mini.

Kyanwata Mishmisha ba lafiya. Tun watan Rajab take shan ruwa ba ƙoshi, ta rame, fitsari har kan darduma. Ban buƙaci a gaya mini ba, na taɓa ganin irin wannan ramar a gidan nan. Duk da haka na sa ta a kwando na kai ta wurin likitan dabbobi a unguwar Aƙiƙ. Ya ce sukari ne. Allura safe da yamma, kuma kada ta zauna da yunwa. Wai shekara goma sha huɗu ta ishi kyanwa, in na yarda ya hutar da ita. Na ce ya ji tsoron Allah.

Damuwata idona ne. Layukan jikin sirinjin sun yi mini ƙanana. Shekara biyar ba ki taka gidan nan ba, alhali Jidda ba bangon duniya ba ce. Ba roƙonki nake yi ba, hakkin uwa nake tuna miki. Kin kuma san makomar wadda ta tsare kyanwa da yunwa.

Allah ya shirye ki.
Mahaifiyarki, Ƙaltume

Jidda, 27 Sha'aban

Ummi,

Wa alaikumus salam. Yara suna gaishe ki. Allah ya ba Mishmisha sauƙi, ban manta ba ƙanena Umair ne ya tsinto ta a gonar dabino.

Amma ya Ummi, ke ce za ki yi mini wa'azin yunwa? Ina tsaye a madafi ranar da Umair ya rasu. Likita ya hana ƙanena azumi saboda sukarinsa, malam ma ya ce babu laifi, kika ce a gidanki ba a ci da rana. Ya yi allurarsa da sahur. Kafin la'asar ya zo bakin ƙofa jikinsa na rawa, ya ce ki ba shi dabino ɗaya. Kika ce, "Saura kaɗan a sha ruwa. Shekararka goma sha bakwai, kai ba yaro ba ne." Ya koma ɗaki ya kwanta, bai tashi ba.

Kina gaya wa mutane kwanansa ne ya ƙare. Sahih, ya ƙare. Amma shekara biyar ina jiran ki ƙara wata kalma a kai.

Ki sa Shafa'atu maƙwabciyarki ta riƙa ja miki maganin. Khalas, magana ta ƙare.

Ki yafe mini zafin harshe.
Wafa

Ƙuba, 16 Ramadan

Wafa,

Bayan sallama. Ba a rubuta wa uwa "khalas". Sau biyu na ɗauki biro don in gaya miki haka kaɗai, na ajiye.

Shafa'atu ta tafi umara tun farkon wata, ni nake jan maganin. Da rana tsaka nake dafa wa kyanwa kaza, ina azumi, ina lallashinta ta ci. Duk ranar Allah, gab da la'asar, sai ta je ƙofar ɗakin Umair ta zauna tana kuka. Ɗakin a kulle yake, mabuɗin na wuyana.

Ranar tara ga wata na zarce layi, na yi mata fiye da ƙima, ban sani ba. Kin san wace rana ce tara ga wata, ranar da Umair ya rasu. Ina yanka albasa na ji motsi a bayana. Tana bakin ƙofar madafi, daidai inda ya tsaya, jikinta na rawa, tana kallona. Likita ya ce in haka ta faru a shafa mata zaƙi a dasashi. Na murje dabino da yatsana na shafa mata. Ta ɗaga kai, ta lashe hannuna, ta miƙe.

Na duba agogo, Wafa. Minti goma. Dabino ɗaya da minti goma.

Ni ba jahila ba ce, na yi sakandare, na san matattu ba sa yawo. Ɗana yana maƙabartar Baƙi'a. Amma tun ranar, da la'asar ta kawo jiki sai in ji ana buɗe firij a hankali, kamar mai gudun kada a ji shi. In na leƙa, a rufe yake. Yanzu kullum nakan ajiye dabino ɗaya a faranti a ƙofar ɗakinsa. Da magariba in same shi yadda na bar shi.

Ya roƙe ni, na hana shi. Ba don Allah na hana ba, don kada a ce ɗan Ƙaltume yana ci da rana. Ga kalmar da kike jira, da hannuna na rubuta.

Har yanzu layukan sirinjin sun yi mini ƙanana. In na sake kuskure, ban san ko zan juyo a kan lokaci ba.

Mahaifiyarki

Jidda, 20 Ramadan

Ummi,

Na ba direban bas wannan ya kawo miki yau, ni kuma ina tafe gobe, zan iso kafin la'asar. Kada ki ja maganin yamma, ni zan ja.

Ki ciro mabuɗin daga wuyanki. Dabinon kuma ki bar shi a ƙofa har in zo.

'Yarki, Wafa