Yaya Barnaba Ya Sani?

Tianhe, Guangzhou
Farkon watan Afrilu

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Mama da Rahila da yaranta. Yaya kunnen? Rahila ta ce ka daina saka abin jin maganar da na aiko, wai ƙugi yake yi maka. Shi ya sa na ajiye waya na ɗauki biro, don wannan maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Wani ɗan kasuwa mai sauka Kano zai ba direban Zariya wasiƙar ya kawo maka Wusasa.

Karatun jinya yana tafiya, amma ni ba na zaune lafiya. Ka san nakan yi wa 'yan kasuwarmu tafinta in sun shiga asibiti. Makon jiya Alhaji Moussa, dattijon mutanen Maraɗi masu sarin takalma a titin Zhanxi Lu, ya kira ni. Ya ce wani ɗan Najeriya ne babur ɗin dako ya buge shi, ƙugunsa ya karye, likita yana magana ba mai ji. Na je da sauri.

Baba, Babayo ne. Babayo na Nana Khadija, na tsohuwar unguwarmu.

Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara furfura, amma ina shiga na gane shi. Ban manta ranar rikicin nan ba. Ina leƙe ta ramin katangarsu, uwarsa ta lulluɓe ni da zanenta tana toshe mini baki, na ga ɗanta ya ɗaga hannu ya nuna wa maharan ɗakin hatsin da ka ɓuya. Dukan ranar ne ya cinye maka kunne. Shi ma ya gane ni. Da na faɗi sunana sai ya juya fuska bango. Na fassara abin da likita ya ce ban rage komai ba, na fito.

Da a nan ta tsaya da ban dame ka ba. An yi masa aiki, amma ba zai iya hawa jirgi ba sai ƙashin ya kama. Masaukinsa a unguwar Sanyuanli can saman bene yake, ba lif sai matakala, abokan tafiyarsa kuma sun loda kaya sun koma. Alhaji Moussa ya san Ayi Chen, tsohuwar da nake haya a gidanta, tana da ɗaki a ƙasa wanda ba kowa tun rasuwar mijinta. Ya roƙe ta. Ita ce za ta kai sunan baƙon ga 'yan sanda don rajista, in ya yi ɓarna ita za a nema, kuma ita kaɗai ce sai ni. Ta ce ba ta san shi ba, amma tunda ɗan garinmu ne, in na ce mutumin kirki ne ta yarda.

Tun daga nan wa'azinka na Barnaba ya hana ni sakat. Kowace shekara sai ka maimaita mana shi har muna yi maka dariya: mutumin Kubrus da ya sayar da gonarsa ya kawo wa manzanni kuɗin, har suka sa masa sunan mai ƙarfafa zuciya. Kakan ce da Shawulu ya zo Urushalima kowa gudunsa yake yi, don sun san gidajen da ya fasa, Barnaba kaɗai ya kama hannunsa ya shigar da shi, ya tsaya masa. Ina cikin jirgin ƙasa ina ji, ina aji ina ji.

Amma akwai abin da ban taɓa tambayarka ba. Yaya Barnaba ya san mutumin ya canza? Ni Babayo bai ce mini komai ba, ko sannu. Ka faɗa mini abin da zan yi.

Ka gaida Mama da kowa da kowa.

'Yarka,
Lauratu

Tianhe, Guangzhou
Tsakiyar Afrilu

Babana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan Ubangiji yana kiyaye ku. Yaya ƙafar Mama? Rahila ta turo mini muryarka, na saurara har na haddace.

Ka ce kada in kuskura. Ka ce Shawulu sai da haske ya kayar da shi a hanya, shi kuwa wannan babur ne ya kayar da shi. Na yi dariya a nan, sannan na yi kuka, don ban taɓa jin muryarka da irin wannan ɗacin ba. Ashe duk shekarun nan da kake cewa ka bar wa Allah, abin yana nan yana cin ka. Ban ga laifinka ba. Kai aka daka, ni kallo kawai na yi.

Sai dai saƙonka ya zo a makare, kuma ba zan ɓoye maka ba: ko da ya zo da wuri, ban tabbata zan bi ba. Asibiti sun sallame shi. Na je na tarar da shi a keken marasa lafiya a bakin ƙofa, ruwa yana zuba, Alhaji Moussa yana ta kiran masaukai ana ce masa meyo, wato babu. Na koma gida na zauna na tashi, na share ɗakin da na riga na share. Na tuna Nana Khadija, yadda ta tsaya a ƙofarta ta rantse wa mutanen babu kowa a ciki. Ita ma ba ta da tabbacin komai ranar.

Na sami Ayi Chen tana gyaran ganye a kicin. Ban ce mata mutumin kirki ne ba, don ban sani ba. Na faɗa mata abin da ya yi maka, da abin da uwarsa ta yi mini, na ce in ya yi ɓarna ni ce a gaba. Ta ci gaba da gyaran ganyenta. Da na ambaci Barnaba sai ta gane shi, su a majami'arsu Banaba suke cewa. Ta ce ita ba Banaba ba ce, tsohuwa ce mai tsoro, za ta riƙa kulle ƙofarta ta ciki. Sannan ta miƙo mini makulli.

Yanzu yana ƙasa, ina sama. Har tukunya Ayi Chen ta sayo sabuwa don kada abincinsa ya haɗu da naman alade. Ni ke duba ciwon, in gama in fita, ba ma haɗa ido.

Baba, kai ka koya mana cewa Barnaba da Bulus, wato Shawulun nan, sun yi saɓani mai zafi a kan tafiya da Markus, har kowa ya kama hanyarsa, Barnaba ya koma Kubrus inda aka ce a can aka kashe shi. Wannan ɓangaren ne yake tsorata ni yanzu. Ba na so mu rabu a kan Babayo. Ka yi mini faɗa, na yarda, amma kada ka yi shiru.

'Yarka mai neman albarkarka,
Lauratu

Tianhe, Guangzhou
Ƙarshen watan Mayu

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan gida. Rahila ta ce kana lafiya, kana karanta wasiƙuna, sai ka ninke ka sa a aljihu ba ka cewa komai. Na ci jarrabawar da na faɗa wa Mama.

Babayo ya fara takawa. Shekaranjiya ina naɗe bandeji sai ya yi magana, karo na farko da ba a kan ciwo ba. Ya ce Nana Khadija ta rasu bara, kuma tun ranar nan ba ta sake cin abinci daga hannunsa ba har ta koma ga Allah. Bai ce tsoro ne ya sa shi ba, bai ce ƙuruciya ba ce. Ya ce: "Ni na nuna, Lauratu. Ba wanda ya tilasta ni." Sannan ya tambaye ni ko kana da rai.

Har yanzu ban san ko ya canza ba. Wataƙila ciwo ne ya tausasa shi, in ya warke ya manta. Na daina zaton Barnaba ya sani. Ina ganin shi ma da ya kama hannun nan, nasa hannun rawa yake yi.

Likita ya ba shi izinin tafiya, zai sauka Kano mako mai zuwa. Ya roƙe ni kwatancen gidanmu na Wusasa. Na kwana biyu ina juya abin, sannan na ba shi. Ban yi masa alkawarin za ka buɗe ba, kuma ba zan roƙe ka ka buɗe ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Na dai gaya masa ya zo da hantsi, kuma in ya yi sallama ya tsaya ta hannun damanka, ya ɗaga murya sosai, don ta hagu ba ka ji.

Allah ya bar mana kai.

'Yarka har kullum,
Lauratu