Ɗingishin Harafin K

Malama, don Allah ki taimaka mini, abin da ke damuna ya fi ƙarfin in faɗa wa mutanen gida. Dattijo ne ni, na yi ritaya, amma kishi nake yi kamar yaro, kuma da surukina, mijin 'yata ta fari.

Shekara talatin ina harkar rediyon sha'awa. Ba da murya nake magana ba, da Mos nake yi, wato ƙwanƙwasa maɓalli, gajere da dogo, har su zama haruffa. Teburina yana ƙarƙashin tagar ɗakin baya, maɓallin tagulla ne, wurin da yatsana ke zama har ya lotsa. Ina da aboki a hayin teku, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ina ce masa Kyaftin. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma duk Asabar da hantsi sai mun gaisa, shekara ashirin da biyu ke nan. Ranar da matarsa ta rasu, ni ya fara bugo wa.

To, bara surukina ya shiga harkar. Ya kawo wata na'ura mai allo, ita ke sauraro ta rubuta masa haruffa, shi kuma ya danna madannai ta aika masa tsaf. Abin da na yi shekara uku ina koyo da kunne, shi a sati biyu ya gama. Ni da kaina na haɗa shi da Kyaftin, ga shi yanzu suna hira har ranar Laraba. Rannan Kyaftin ya ce mini yaron nan hannunsa fes. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Wane hannu? Na'ura ce fa!

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne harafin K, wanda ake rufe magana da shi, ma'ana kai nake sauraro. Ni tun asali ina ɗan tsayawa kafin dogon ƙarshe, yanzu da yatsuna suka fara sanƙarewa abin ya ƙaru. Na'urarsa ba ta gane shi, sai ta raba shi biyu ta rubuta NT. Ya nuna wa 'yata allon, ita kuma ta toshe baki tana dariya. Shi bai yi dariya ba, ba zan yi masa ƙarya ba, amma kin san tsakanin surukai, na haɗiye kawai.

Asabar uku da suka wuce surukina ya bar na'urar a gidana. Na rufe ƙofa na jona ta, na kira Kyaftin da lambata ta rediyo, wadda aka san ni da ita, haruffa suka fita sumul, K ɗina ya miƙe. Sai Kyaftin ya bugo a hankali yana tambaya wane ne wannan, ina mai lambar, ko wani abu ya same shi ne. Kunya ta kama ni na kashe rediyon. Tun ranar kullum da hantsi ina jin yana kiran lambata, na kasa amsawa. Surukina kuma yana can wajen aiki a wani gari, bai san komai ba. Yaya zan yi?

Daga Mai Maɓallin Tagulla

Baba, sannu da ƙoƙarin faɗin gaskiya, ba kowane dattijo ne zai iya cewa yana kishi ba. Kuma kishinka yana da dalili. Ka kashe shekaru kana horar da kunnenka, wani ya zo ya samu a sauƙaƙe, dole ka ji zafi. Dariyar 'yarka ma ba ta kyauta ba, ka kira ta ka gaya mata cikin ruwan sanyi.

Amma ka yi wa surukinka adalci. Bai ɓoye na'urarsa ba, bai yi maka dariya ba, kuma ina zargin ya shiga harkar ne don ya samu abin da zai zauna kusa da kai ku yi tare, tunda kunya ba ta barin ku hira. Idan ya dawo ka ce zai fara koyon sauraro da kunne a wajenka, allo a kife. Kai ma kada ka raina na'urar, in yatsun suka ƙara sanƙarewa wata rana ita za ta riƙe maka zumuncin nan. Sai dai ka sanar da Kyaftin kafin ka koma mata.

Yanzu ga abin da ba zai jira ba. Ka sake karanta wasiƙarka. Surukinka an yaba masa sau ɗaya, kai kuma sati uku ana nemanka. Na'ura ta kasa karanta K ɗinka, Kyaftin kuwa da shi yake gane kana raye. Kana zaune kana fushi da allo, shi yana can yana tsoron ya yi rashi na biyu.

Gobe da hantsi ka cire na'urar, ka mayar da tagullarka. Ka gaya wa Kyaftin abin da ka yi ba ƙumbiya-ƙumbiya, zai yi dariya, ƙila ya ɗan zage ka, ka ci zagin. In ka zo rufewa, kada ka gyara komai, ka bar K ɗin ya yi ɗingishinsa.

Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya bar zumunci.