Alkawarin Kaka a Matakala Mai Tsarki

Roma,
Alhamis da la'asar.

Zuwa ga yayana Malachy,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Dervla da 'yarku Ita. Allah ya tsare ka a wurin aikin gini, ya sassauta muku sanyin Kanada. Mutanen gida lafiya. Baba yana nan yana fama da shanunsa da ruwan sama, Mama kuma tana fama da Baba. Kaka ce dai sai a hankali. Jikin ya ƙara saki, wata rana ma takan kira ni da sunan Mama.

Gobe muke komawa gida, kuma ban taɓa marmarin gadona kamar yau ba. Ka san jami'a ce ta turo mu 'yan ajin tarihin Katolika mu gani da ido. To mun gani har idon ya gaji. Malamarmu, Dakta Hanrahan, ba ta san zama ba. Daga wannan coci sai wancan, daga kabarin shahidai sai ramukan ƙarƙashin ƙasa, ga rana kamar za ta dafa mutum. Ƙafafuna duk sun yi bororo. Taliya ta fita daga raina, kuma garin nan kaf babu wanda ya iya haɗa shayi. Amma ba kukan gajiya ya sa na ɗauki biro ba, maganar Kaka ce.

Ana gobe zan taso ta kira ni ɗakinta, ta riƙe mini hannu gam. Ta ce lokacin da sanƙarau ya kwantar da kai kana ƙarami, likitoci suka fid da rai, ta yi wa Allah alkawari cewa in ka tashi za ta zo Roma ta hau Matakala Mai Tsarki da gwiwoyinta. Ka tashi, ita kuwa ba ta taɓa samun zuwa ba. Ta ce in hau mata, in ambaci sunanka a kowane hawa. Na ce to, don kawai ta sake mini hannu. Ka san ni, rabona da coci tun bikinka.

Da muka je wurin tare da aji, malama ta tsaya a bakin ƙofa ta yi mana dogon bayani. Ta ce masu ibada sun yi imani matakalar da Yesu ya taka ce ranar shari'arsa, daga Urushalima aka kawo ta, shi ya sa ba a hawanta da ƙafa, amma masana tarihi da yawa suna da ja. Sai ta bi da mu ta matakalar gefe, wadda kowa ke takawa da takalmi. Na bi ayari, na ambaci sunanka sau ɗaya a sama, na ce shi ke nan an fita hakki. Da na kira gida Mama ta kara wa Kaka waya a kunne, na ce mata na hau. Ba ta yi godiya ba, sai ta tambaye ni yaya gwiwa. Na ce lafiya lau. Ta ce to ban hau ba ke nan, ita ba a yi mata wayon 'yan boko, ta ture wayar. Tsohuwar da ke manta ko ta ci abinci, amma ta kama ni da tambaya ɗaya. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni.

Yau aka ba mu hutu kowa ya je sayen tsaraba, ni kuwa na koma wurin matakalar. Wani ɗan ajinmu, Fintan, ya biyo ni wai zai riƙe mini jaka, amma tsiya ce ta kawo shi. Tun a hanya yake kirana waliyyiya Nuala, yana cewa in na isa sama in saka masa baki a jarrabawa, kuma in na sume shi ba zai ɗauki ƙatuwa ba. Na ce ya rufe mini baki ko in jefe shi da takalmi. Yaya, matakalar ta dutse ce, an lulluɓe ta da katako, amma katakon ba shi da tausayi. Tun hawan farko na ji zafin har cikin haƙorana. A gabana wata dattijuwa ce mai jiki, ba ta sauri, ba dama kuma a wuce ta, dole in ta tsaya in tsaya. Ban san addu'ar da zan yi ba, sai sunanka kawai nake ta faɗi, wani hawan da haushi, wani da kuka. Da na isa sama ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Fintan ɗin nan mai surutu ya miƙo mini ruwa.

A nan bakin cocin na zauna na kira gida. Na ce wa Kaka gwiwoyin sun ɗaye, siket ɗina har da jini. Ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Sannan ta ce to yanzu a gaya wa Malachy ya taho. Mama ta ce ai ita Kakar ce duk lokacin da ka ce za ka zo take cewa ka yi zamanka. Kaka ta ce da me za ta ce? Alkawari na rataye a wuyanta, sai ta bar ka ka hau jirgi ka ratsa teku, a karɓe abin da aka ba ta? Wai tun da ciwo ya kwantar da ita ta gane ba za ta taɓa zuwa Roma ba, tsoron da ke hana ta barci ke nan.

Na san ka yi fushi, Yaya. Na san shi ya sa ka rage kira, har ka ce wa Mama tun da ba a son ganinka ba za ka matsa wa kowa ba. To ka ji dalili. Ni ban san ko daga Urushalima aka kawo matakalar ba, malama ma ba ta sani ba. Abin da na sani shi ne yau Kaka ta faɗi sunanka daidai ba tare da an tuna mata ba, likita kuma ya ce wa Mama irin waɗannan ranakun raguwa za su yi ta yi. Kada ka ce sai Kirsimeti.

Ka gaida Dervla da kyau, ka sumbaci Ita, ka ce goggonta ta saya mata ɗan carbi mai ruwan hoda, shi kaɗai ne tsarabar da ƙafata ta kai ni. Ka gaida Kawu Colm in kun haɗu. Baba da Mama suna gaishe ku. Ni na yi nawa, ga shi ko jakata ban haɗa ba don na kasa durƙusawa. Saura kai, ka nemi jirgi.

Ƙanwarka mai ɗingishi,
Nuala