Ni na miƙa wa Malam usur, 'yarsa ake zargi da mutuwarsa

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karanta shi. Allah ya saka muku da alheri. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma sunayen da zan ambata duk na aro ne. Ba tausayi nake nema ba. Roƙona ɗaya, ku kai ƙarshen wasiƙar nan kafin ku yanke mini hukunci, don duk abin da za ku faɗa mini na riga na faɗa wa kaina wanda ya fi shi zafi.

Ni magidanci ne a Gyadi-Gyadi, sana'ata walda. Amma a unguwa da alƙalancin ƙwallo aka fi sanina, yara da manya Rafali suke kirana. Wanda ya koya mini shi ne malaminmu na wasanni a firamare, Malam Dung, mutumin Filato, Kirista, wanda ya zo Kano yana saurayi ya tsufa a cikinta. Bayan ya yi ritaya yana zaune a wani gidan haya a Tarauni, irin mai ɗakuna a jere, famfo ɗaya, banɗaki biyu, kusan duk mazaunansa mutanen Filato ne da Kudancin Kaduna. Ina aji huɗu ya kira ni gefen fili ya ce, "Kai har ka tsufa ba za ka ci ƙwallo ba, ƙafarka ta hagu ce duka biyun. Amma ba ka ƙarya. Zo ka riƙe tuta." Daga tuta ya kai ni ga usur.

Shekarar korona, da aka kulle Kano, saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, kasuwa a rufe, makarantu a rufe, samari sun cika unguwa babu abin yi. Sai aka haɗa wasa tsakanin 'yan Gyadi-Gyadi da 'yan Tarauni a wani fili da ke bayan gidaje, inda motar 'yan sanda ba ta iya shiga. Aka ce ni zan busa.

Ga abin da na ɓoye. Kwana huɗu kafin wasan ina fama da zazzaɓi da busasshen tari. Mai kemis ya yi mini allurar maleriya, jikin bai sauka ba. Ranar wasan da hantsi matata tana soya albasa da daddawa, ina zaune dab da murhu, hancina bai ji komai ba. Kuma na ji a rediyo da kunnena cewa wannan yana cikin alamomin cutar. Ba zan ce ban sani ba. Matata ta dube ni ta ce, "Baban Amira, ka aika musu cewa ba ka da lafiya." Na ce, "In faɗa, su kira masu fararen kaya su zo su ɗauke ni a gaban 'ya'yana? A riƙa nuna gidan nan da baki?" Ta ce, "To ka ce ƙafarka ce ke ciwo, ka zauna a gida." Na haɗiye ƙwayar ciwon kai biyu, na rataya usur, na fita. Na ji tsoron a ɗauke ni, na kuma ji tsoron a ce Rafali ya gudu daga wasan Tarauni. Waɗannan su ne dalilaina, babu wasu. Ku duba ƙanƙantarsu.

Fili ya cika maƙil bayan la'asar. Mutane a kan katanga, a kan bishiya, masu rake da masu kankana suna ratsa jama'a, kafaɗa na gogar kafaɗa, ana tafi ana ihun cewa babu wata cuta, ƙaryar gwamnati ce. Har da dattawa masu furfura, waɗanda yau in ka tambaye su za su rantse ba su taka wurin ba. Na ga fuskokinsu, ban manta ko ɗaya ba.

Da aka tafi hutun rabin lokaci sai na hango Malam Dung can gefe shi kaɗai, da takunkumin atamfa da matarsa ta ɗinka masa. Ba kallo ya zo ba. Ya yafito ni.

"Rafali, kai ne kake busa wa wannan haukar?"

Na ce, "Malam, in ban busa ba wani zai busa."

Ya ce, "Wanin ba ni na koya masa ba. Ka tashe su kowa ya tafi gida."

Na ce, "Saura rabi kawai, Malam, a yi haƙuri."

Ya girgiza kai. Amma bai tafi ba. Ina ma ya tafi.

An dawo ba da daɗewa ba numfashina ya fara yankewa. Ina gudu kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Sai aka kwashe ƙafar ɗan wasan Tarauni a gaban raga, kowa ya gani, ni ma na gani, na kai usur baki, iska ta ƙi fita. 'Yan Tarauni suka ce na danne ne don ni ɗan Gyadi-Gyadi ne. Nan take fili ya rikice, 'yan kallo suka afko, na ga masu tsintar duwatsu, na ga gora ta fito. Sai na zube ƙasa na riƙe idon sawu na ce na gurɗe. Ƙaryar da matata ta ba ni don in zauna a gida, ita na yi amfani da ita a tsakiyar fili.

Tun da can, in wasa ya cakuɗe a wajenmu, wanda ba ɗan asalin kowace unguwa ba ake nema, wanda ba shi da ƙani ko ɗan yaya a cikin fili. Malam ya fi shekara arba'in a Kano, ya koyar da iyayen rabin 'yan wasan, amma baƙo ne, kuma ranar baƙuntarsa ta yi mana amfani. Aka fara ihu, "A ba Malam! A ba Malam!" Ya ratso jama'a ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Ƙafa ce?"

Na ce, "Ƙafa ce, Malam."

Ya miƙo hannu. Usur ɗin yana wuyana, jiƙe da yawuna, sama da awa ɗaya ina tari a cikinsa. Na cire na ba shi. Ya sauke takunkumi zuwa haɓa, ya goga usur a gefen rigarsa sau ɗaya, ya sa a baki. Ina kallo. Me zai ci mini in ce, Malam dakata, ba ni da lafiya? Me zai ci mini in ce a nemo wani usur? Malam ya ba da fanareti, ya kori mutum biyu, ya ƙarasa wasan, ba a fasa wa kowa kai ba. Da aka tashi kuma ya ɗora hannuna a kafaɗarsa ya rako ni har bakin titi, ina ɗingishin ƙarya, ina numfashi a gefen fuskarsa, yana ce mini in sa wa ƙafar ruwan ɗumi.

Ni na warke a cikin azumi. Shi bayan mako guda ya kwanta, bai ƙara tashi ba. Hanyoyi a rufe, ba a iya kai gawarsa garinsu ba, alhali kullum maganarsa kenan, a binne shi kusa da mahaifinsa a kan dutse. A Kano aka binne shi, mutane ƙalilan, daga nesa. Daga nan ciwo ya riƙa bin ɗakunan gidan hayar nan ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke layi a famfo ɗaya, ta yaya za su nisanci juna? Wata tsohuwa 'yar Kudancin Kaduna da ke ɗakin ƙarshe ita ma ta bi shi.

Malam yana da 'yar auta, Rahila, tana aikin gyaran gashi a Legas. Da aka rufe shagonsu abinci ya gagare ta, ta biyo bayan motar kaya ta dawo gida, kamar mako guda kafin wasan. Lafiyarta ƙalau, ko atishawa babu. Amma an ga saukarta da jaka. Shi kenan, unguwa ta samu wanda za ta ɗora wa. 'Yar Legas ce ta kawo. Baƙin nan ne suka kawo mana. Aka hana 'yan garuwa kai musu ruwa ranar da famfo ya ɗauke. Mai shago ya ce su tsaya daga bakin kwata su faɗi abin da suke so. Aka sa wa gidan suna gidan korona. Mai gidan ya aiko musu da notis ɗin tashi tun ba a share makoki ba.

Wannan ne abin da har yau na kasa mantawa. Waɗanda suka hau katanga suna ihun babu cuta, su ne suka zauna a majalisa suna cewa baƙi sun kawo cuta. To akwai ta ko babu? In babu, me ya sa kuka hana su ruwa? In akwai, ku da kuka cika fili kuna tofa wa juna yawu, ku ba ku ɗauka ba, ba ku kai gida ba? Dattawa nawa muka kai maƙabarta a makonnin nan daga gidajenmu, muka ce zafi ne, muka ce hawan jini ne, muka ce kwana ne ya ƙare? Namu kwana ne ya ƙare, nasu kuma cuta ce suka kawo. Wani mai shekarun ubana, wanda na gani da idona yana ihun a ba Malam, ya ce a gabana, "Ai irin waɗannan ba sa zama wuri ɗaya, yau Jos gobe Legas." Ina zaune. Na ce, "Allah ya kyauta." Abin da na iya faɗa kenan. Ina jin haushinsu har cikin ƙashina, amma da wane baki zan yi musu magana? Su zato suka yi. Ni na sani, na yi shiru.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage mini laifi a idon wasu: ba a gwada ni ba, ba a gwada Rahila ba. Allah kaɗai ya san ta inda cutar ta shiga jikin Malam. Shekaru na yi ina ɓuya a bayan wannan maganar. Amma ni ne mai zazzaɓi, ni ne mai tari, ni na sa masa yawuna a baki. Ita ba ta da ko ɗaya, kuma ita aka yanke wa hukunci.

Mutanen gidan sun watse. Mama, matar Malam, ta koma wurin babban ɗansu Yohanna a Daurawa. Rahila ba ta bi su ba, don ranar da aka dawo daga binnewa Yohanna ya ce mata, "Kin zo kin kashe shi, sai ki huta." Sama da shekara biyar kenan bai ƙara yi mata magana ba. Tana zaune wurin wata mata 'yar cocinsu a Unguwar Gano. Ni kuwa duk Kirsimeti ina zuwa gaida Mama, ta kawo mini shinkafa da cincin, ta ce, "Ɗana, ba ka manta da malaminka ba." Ina ci.

Makon jiya da rana ina tsugune ina haɗa ƙyauren ƙofa, sai na ga mace ta tsaya a bakin rumfata. Rahila ce, da kati a hannu.

Ta ce, "Yaya Rafali, sannu da aiki. Har yanzu kana ƙona idonka babu tabarau? Baba da ya gan ka da ka sha faɗa."

Na yi dariyar dole, na share mata benci. Aure za ta yi wata mai zuwa. Ta ce a cocinsu uba ne yake riƙe hannun amarya ya kai ta gaba, in babu uba sai babban wa. Yohanna ya ce ba zai taka wurin ba. Mama kuma a gidansa take, ta rasa inda za ta sa kanta, kullum kuka.

Ta ce, "Yaya Yohanna yana jin maganarka, ya san yadda Baba yake ji da kai. Don Allah ka je ka roƙe shi."

Na ce, "In ce masa me, Rahila?"

Ta ce, "Ka ce ba musu nake yi ba. Ni na kawo, na yarda. Da na zauna a Legas ko yunwa ce ta kashe ni, da Baba yana nan. Ka ce masa na yarda, ya yafe mini, ya riƙe hannuna na minti biyar kawai. Bayan nan ko bai ƙara kallona ba."

Ba ta yi kuka ba. Ta faɗa ne kamar abin da ta daɗe da haddacewa. Ban taɓa sanin ita ma ta yarda ba. Ina zaton mutane ne kawai suke faɗa, ita ta san ba ita ba ce. Na ce mata zan je ranar Asabar ta mako mai zuwa.

Da na koma gida na gaya wa matata zan faɗa musu komai. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Baban Amira, ka san garin da muke. Magana ta fita daga bakinka cewa tari ne da usur, kafin ta kai Tarauni ta zama Musulmi ya kashe malami Kirista da gangan. Wa zai tare ta? Kuma tsohuwar nan da ke kiranka ɗanta, so kake ka ƙarasa ta? Ka je ka lallashi Yohanna kawai, a yi biki, Allah ya san zuciyarka." Na ce, "Shi ya sa nake tsoro, don ya sani."

Ba ta yi ƙarya ba, duk abin da ta faɗa zai iya faruwa. Yohanna mutum ne mai zuciya, ban san abin da zai yi ba. Zan iya zuwa in yi masa wa'azin zumunci, in tuna masa halin mahaifinsa, wataƙila ya sauko ya riƙe hannun Rahila. Amma zai riƙe ne a matsayin wanda ya yafe wa mai laifi, ita kuma ta shiga gidan miji, ta haifi 'ya'ya, ta tsufa tana ganin ita ta kashe ubanta. In kuma na faɗa, Mama ta rasa ɗan da take gani ta ji sanyi, iyalina su shiga abin da ban san ƙarshensa ba, kuma ba ni da tabbacin za su yarda su sauke wa Rahila kayan.

Jama'a, musamman malamai da iyaye, na kowane addini, ku ba ni shawara. Yau Laraba. Ranar Asabar bayan azahar zan zauna a falon Yohanna, Mama tana gefe. In buɗe baki in roƙa wa Rahila gafarar laifin da ni na aikata? Ko in ce masa wanda yake nema shekara biyar ga shi zaune a kan kujerarsa?

Me zan yi?