Bayan Buhunan Albasa

Zuwa ga Malam, sanyin asubata, ruwan farkon daminata, dabinon da ya nuna mini a tsakiyar zafin Riyad. Assalamu alaikum.

Na yi laifi, kuma gara ka ji shi daga gare ni. Ranar ɗaurin aurenmu na yi wa Allah alkawari ba zan taɓa ɓoye maka komai ba. To, Zouera, baiwar Allah mai aikatau da ta gudo daga gidan kafilinta, ubangidan da take wa aiki, a unguwar Nasim, ƙofata ta ƙwanƙwasa, ba takalmi, da shatin dutsen guga a damtsenta. Na buɗe. Da ka zo gida ranar Juma'a ka tambaye ni labarinta, na sunkuya ina jan carbi, na bar ka ka ɗauka ban sani ba. Na tuhumi raina: tausayi ne ko taurin kai? Har yau ban yanke hukunci ba.

Amma kai, ya zakina, labarin jarumtarka ya iso ni! An ce kun zauna, ƙungiyar 'yan Najeriya da ta 'yan Nijar, kuna kurɓar gahawa kuna fafatawa. Ku kun ce haifaffiyar Damagaram ce, su ya wajaba su mayar da ita gida. Su sun ce da fasfon Najeriya ta shigo, nauyin naku ne. Har tsarin mulkin ƙungiya ka buɗe, kana karanto sashe bayan sashe, muryarka kamar tsawar marka. Madalla da ilimi! Gemu cike da ɗaki, a rasa wanda zai tambayi wa ya ƙona ta?

Ka tuna inda na fara ganinka, hasken idona? Kasuwar Aziziya, a tsugune bayan buhunan albasa, ka tsero daga kiwon raƙuma, leɓɓanka sun tsattsage, ana nemanka. Wane sashe na duba kafin na miƙa maka ruwa? Ashe da na bi dokarka, da yanzu raƙumi kake yi wa wa'azi!

Na san iƙamarka, takardar izinin zama, kake jiye wa tsoro, da tawa. Ni ma tsoron yana bi na har cikin sujada. Kuma ina kewarka, Malam, kewar da nake jin kunyar Ubangijina saboda yawanta. Ka zo Juma'a ka ci tuwonka. Kada ka wahalar da kanka da leƙa bayan labule. Ba ta nan, kuma ba za ka ji inda take daga bakina ba.

Alkawarin nan na karya shi, na kuwa fara azumin kaffara.

Taka har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Sabuwa